Kifin zaki a tankin lita 60: amsa ga mai son kiwon kifi mai dafi

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce kana da tankin ruwan gishiri mai cin lita 60, wata huɗu ke nan da haɗa shi. A ciki akwai ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamaru, Amphiprion ocellaris, da jatan lande guda ɗaya irin mai share jikin kifaye. Sai ka ga ɗan kifin zaki da tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, ya shiga ranka, mai sayarwa kuma ya ce maka ai ƙaramin iri ne, ba ya girma. Kana son sanin ko zai zauna a tankin naka, kuma ko dafinsa yana kisa.

Kada ka saka shi a wannan tankin. Na san dafin ne ya fi tsaya maka a rai, shi ne kuma abin da kowa ke fara tambayata, amma a shekarun da na yi ina kiwon dangin kifin kunama, waɗanda kifin zaki ke cikinsu, dafi shi ne mafi sauƙin abin da na sha fama da shi. Ƙa'ida biyu ko uku ka kiyaye, shi ke nan ka gama da shi. Abin da ke jawo asara shi ne bakin kifin, da abin da ke fita daga jikinsa bayan ya ci. Bakin zai raba ka da sauran halittun da ke tankin, ƙazantar kuma ita za ta kashe shi kansa idan ruwan ya yi kaɗan.

Da farko ma, wane iri ne ka gani? Duk ɗan kifin zaki mai santimita 5 ƙarami ne a ido, shi ya sa maganar mai sayarwa ba ta da nauyi. Waɗanda ake sayarwa kashi biyu ne. Akwai jinsin Pterois, wanda fitaccensu shi ne Pterois volitans. Wannan yana kai santimita 35 har ya ɗara, kuma saurin girmansa a shekarar farko abin mamaki ne. Tankin lita 450 ma ba a ce ya yi masa yawa ba. Sai jinsin Dendrochirus, waɗanda su ne ƙananan na gaskiya. Ka dubi manyan fikafikan gefe. A jikin Pterois za ka ga tsinkayen fiffiken dogaye ne, a warwatse, kowanne ƙarshensa daban kamar gashin tsuntsu. A jikin Dendrochirus kuwa fata ta haɗe tsinkayen har kusan ƙarshe, sai fiffiken ya zama kamar mahuci mai zane-zane a jere. Idan ka ga tsinkaye a warwatse, ka juya ka tafi abinka.

To a ce ma Dendrochirus ne. Uku ne aka fi samu. Dendrochirus brachypterus, mai jiki kamar an yayyafa masa gashi, yana kai santimita 15 zuwa 17, kuma shi ne mafi juriya da saurin sabo da mutum. Dendrochirus zebra ya fi shi tsawo, yana kusan santimita 20. Sai Dendrochirus biocellatus, mai dogayen gashin baki biyu da ɗigo biyu kamar idanu a bayan fiffiken sama, wanda ke tsayawa wajen santimita 12 ko 13. Shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne mafi kyau a ganina, shi ne kuma mafi wahala: mai kunya ne, yini yake a ɓoye, kuma sau da yawa ya ƙi cin komai sai abu mai rai. Yanzu ɗauki abin awo ka auna tankinka. Tankin lita 60 tsawonsa yakan tsaya wajen santimita 60, faɗinsa 30. Kifi mai santimita 16 idan ya buɗe fikafikansa ya cinye rabin faɗin. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi ga brachypterus ko biocellatus shi ne lita 115, shi kaɗai a ciki. Zebra kuwa sai lita 200.

Sai maganar baki. Ka taɓa ganin yadda yake farauta? Da rana za ka same shi a maƙale a ƙarƙashin dutse, wani lokaci kai ƙasa ciki sama, ko motsi ba ya yi, har baƙo ya ɗauka ya mutu. Da zarar fitilar tanki ta dushe sai ya sauko. Ba ya bin abin farauta da gudu. Yakan buɗe fikafikan nan kamar labule, ya riƙa matsowa kaɗan-kaɗan, kansa a ɗan sunkuye, yana kora ɗan kifin zuwa kusurwa. Wani lokaci har ruwa yake fesa masa a fuska don ya ruɗe ya juyo da kansa. Daga nan sai ka ga kamar ya yi atishawa, ɗan kifin ya ɓace. Ba cizo yake yi ba, zuƙowa yake: ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya ruga ciki da duk abin da ke gabansa. Ido ba ya iya bin abin.

Abin da zai iya haɗiya ya kai rabin tsawon jikinsa, wani lokaci ya fi. Jatan landen naka ba zai daɗe ba, domin ƙananan kifayen zaki a teku jatan lande da 'yan kaguwa ne abincinsu na yau da kullum. Za ka ji masu cewa ai mai share jiki ba a cin sa, kifaye sun san aikinsa. Yakan faru a ƙyale shi wata biyu ko uku, har ka saki jiki, sai wata safiya ka tarar da dogayen fararen gashin bakinsa biyu suna leƙowa daga bakin kifin. Na gani da idona a tankina. Shi kuwa ocellaris ɗinka yau ya fi ƙarfin bakinsa, amma kifin zaki ya fi shi saurin girma nesa ba kusa ba, kuma a lita 60 babu wurin gudu.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, domin nan ne masu ƙananan tankuna ke faɗuwa. Lita 60 da aka rubuta a kwali ba shi ne ruwan da ke ciki ba. Ka zuba yashi, ka jera duwatsu, ka bar ɗan fili a sama, abin da ya rage bai fi lita 48 ba. Mu yi lissafi da wannan. Ka jefa guntun jatan lande mai giram 2, kifin ya ƙi ci, ya gangara bayan dutse ba ka gani ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na naman furotin ne, kashi 16 cikin ɗari na furotin kuma naitirojin ne. Wato wajen miligiram 60 na naitirojin zai narke a ruwanka a matsayin amoniya, fiye da miligiram 1 a kowace lita. A tankin lita 400 wannan guntun ko a jikinsa. A naka kuwa ya isa ya ƙona wa kifi mashaƙar numfashi. Kuma ko ya cinye ɗin, mafi yawan naitirojin zai dawo ruwan ne, domin kifi ta mashaƙarsa yake fitar da amoniya.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yanayin cin maharbin kifi. Ƙananan kifaye masu tsince-tsince kaɗan-kaɗan suke ci duk yini, ƙazantarsu na fita a hankali, bakteriyar da ke cikin duwatsu da mataci na cinye ta ba tare da an ji ba. Wannan kuwa kwana biyu ba ya cin komai, rana ta uku ya loda ciki, sai amoniyar ta zo gaba ɗaya kamar ambaliya. Ga shi ruwan teku pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa, wajen 8.1 zuwa 8.3 yake, kuma a wannan matakin kason amoniya mai guba ya ninka na ruwan da ke pH 7 fiye da sau goma. Awon da mai kiwon kifin ruwan daɗi zai gani ya ce ba komai, a wurinka gobara ce.

Gishiri ma haka. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan. Ka fara da giram 35 a kowace lita, wato awon nauyin ruwa na 1.026. Idan lita ɗaya ke ƙafewa a rana, ka yi tafiyar kwana uku ba wanda ya ƙara, ruwanka ya koma lita 45, gishirin ya haura 37. Ka dawo ka ga ruwa ya ja baya, ka kwarara lita uku lokaci guda, kifi ya sha hawa da sauka a cikin minti ɗaya. Abin da ake ƙarawa ruwa ne tatacce marar gishiri, kullum, kaɗan-kaɗan, kuma ƴar na'urar da ke cika ruwa da kanta ta fi kowace fitila mai tsada amfani a ƙaramin tanki. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Ka kuma tuna ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ƙarancin iskar shaƙa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma kifin da ya cika ciki ya fi buƙatarta. Idan wuta ta ɗauke da dare bayan ka ciyar da shi, famfo ya tsaya, awanni kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Ƴar injin iska mai batir ka ajiye kusa.

Canjin ruwa kuwa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari duk mako, ba fashi. Amoniya da naitirait su zama sifili, naitireti ƙasa da miligiram 20 a lita; waɗannan biyun su ne abin da bakteriya ke mayar da amoniya. Na'urar tace kumfa, wadda ke kwashe dattin furotin kafin ya ruɓe, wasu na cewa ƙaramin tanki ba ya buƙatarta. Ga tankin murjani mai ƴan kifaye biyu na yarda. Ga mai cin nama ban yarda ba.

To me zai iya zama a lita 60? Ba na son in bar ka da "a'a" kawai, domin akwai dangin kifin kunama da suka dace, kuma wasu sun fi kifin zaki ban sha'awa idan mutum ya iya kallo.

Wanda zan zaɓa maka shi ne Sebastapistes cyanostigma, ɗan kifin kunama ja mai ɗigon rawaya, wanda bai cika wuce santimita 8 zuwa 10 ba. A teku tsakanin rassan murjanin Pocillopora yake zama, ba ya yawo, don haka ƙuncin tanki bai dame shi ba. Ka ba shi dutse mai rassa, zai zaɓi wuri ɗaya ya mai da shi gida, ya riƙa bin ka da ido. Yana karɓar daskararren abinci ba tare da dogon jayayya ba. Akwai kuma ƴan Caracanthus, masu santimita 5, jiki kamar karan-miski, amma su ɓuya suke har ka manta kana da kifi.

Sai kifin ganye, Taenianotus triacanthus, mai kai santimita 10. Jikinsa a shafe yake kamar an danne shi, launinsa na iya zama fari, rawaya, ruwan hoda, ruwan ƙasa ko baƙi. Ba ya iyo sosai, tafiya yake da fikafikan gefe kamar mai dogara sanda. Idan ruwa ya kaɗa sai ya riƙa rangaji hagu da dama kamar busasshen ganye, idan ruwan ya tsaya ma shi ba ya fasawa, da kansa yake yin rangajin. Lokaci-lokaci, kamar sau biyu a wata, za ka ga launinsa ya dushe, ya ƙi abinci, idonsa ya yi hazo. Kada ka ruɗe ka fara zuba magani. Saɓa zai yi. Washegari za ka ga wata farar fata kamar yanar gizo tana yawo a ruwa, shi kuma ya fito fes. Da yawa a cikin dangin suna wannan saɓar, ita ce hanyarsu ta kakkaɓe gansakuka da ƙwarin fata, tunda zaman wuri ɗaya suke yi. Aibinsa guda: da yawansu ba sa taɓa yarda da mataccen abinci. Idan ba ka da hanyar samun ƴan jatan lande masu rai duk mako, shekara da shekaru, ka haƙura da shi. Kuma lita 60 iyakar ƙasa ce a gare shi, lita 80 zuwa 100 ta fi.

Kifin zanzaro, Ablabys taenianotus, mai tukku a ka kamar zakara, yana kai santimita 15, yana son shimfiɗar yashi da haske kaɗan. Na lita 115 ne. Harbinsa kuma ya fi na kifin ganye zafi sosai.

Akwai wani dangin dabam da ya kamata ka sani, tunda dafi ne ya ja hankalinka: Meiacanthus, irin su grammistes da atrodorsalis. Su dafinsu a haƙora yake, fiƙoƙi biyu a muƙamuƙin ƙasa. A 2017 masu bincike, cikinsu har da Nicholas Casewell na Liverpool da Bryan Fry na Jami'ar Queensland, suka nuna cewa dafin yana ɗauke da sinadari dangin masu kashe zafi, kuma aikinsa shi ne faɗar da hawan jinin wanda ya haɗiye su, har ya saki baki su fice. Ba sa cin abokan zama, ƙananan halittun da ke yawo a ruwa suke ci, ana kuma kiwata su a gonakin kifi, don haka suna zuwa da sabon cin abincin gwangwani. Da ocellaris ɗinka da jatan landen duk za su zauna lafiya da su. Sai dai masu iyo ne, suna son tsawon tanki, wajen lita 100, da murfi, domin suna tsalle.

Kifin dutse, Synanceia, da ɗan'uwansa Inimicus, kada ka ko tsaya tambayar kuɗinsu. Kifin dutse ya kai santimita 40, kuma dafinsa ne mafi muni a cikin kifaye, har sai da aka yi masa maganin karya dafi na musamman a Ostareliya. Ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne.

Abinci. Kusan duk waɗannan kifayen daga teku aka kamo su, ba su san abinci marar motsi ba. Kafin ka biya, ka ce a ciyar da shi a gabanka. Idan aka ce maka "yanzu ya ci", ka ce za ka dawo jibi. Kifin da cikinsa ya lotsa, bayan kansa ya rame, ya riga ya yi nisa.

Idan ya iso gida, makon farko ka ba shi ƴan jatan lande masu rai, ka fara ciyar da su abinci mai kyau awa ɗaya kafin ka jefa, domin abin da ke cikinsu shi ne rabin amfanin. Idan ya saba, ya fara tasowa gaban gilashi da ya hango ka, sai a fara yaye. Ka bar shi kwana uku ba ci. Ka samo siririn tsinken roba mai haske kamar gilashi, ka soka ɗan jatan lande da aka narkar daga firiza, cikakke da kai da idanu, ka sauke shi can nesa da kifin, ka riƙa ɗan girgiza shi kana ja baya kamar mai gudu. Kada ka tura masa a baki, tsorata zai yi. Da magariba ake yi, lokacin da fitila ta dushe. Ranar farko zai kalle ka kawai. Ka cire, ka jefar, ka sake gwadawa gobe. Wani a mako ɗaya yake karɓa, wani sai wata biyu. Ƙanana sun fi manya saurin yarda, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ya kai kwana bakwai zuwa goma bai ci ba, ka ba shi mai rai ɗaya don kada ya galabaita, sannan a koma fagen daga. Wani brachypterus da na taɓa yi sai da na riƙa haɗa mai rai da matacce a tsinke ɗaya, ya zuƙe su tare, kafin ya gane ashe duk abinci ne.

Kada ka ba shi ƴan kifin zinariya na ruwan daɗi, duk da arharsu da daɗin kallon farautar. Jikinsu na ɗauke da wani sinadari mai rusa bitamin B1, kitsensu kuma ba irin wanda kifin teku ke buƙata ba ne. Kifin da aka raina da su yakan yi ƙiba, hanta ta yi kitse, daga baya ya fara juyi a ruwa ko ya daina ci. Kuma kada ka tsaya kan abu ɗaya. Ka riƙa sauyawa tsakanin jatan landen teku, naman kifin teku, da naman su kawa da makamantansu, kana ɗiga musu ruwan bitamin sau ɗaya a mako. Akwai ciwon da ke kama muƙamuƙin kifin zaki, baki ya ƙage ya kasa buɗewa, kuma an fi ganinsa a jikin waɗanda aka ɗora wa abinci iri ɗaya tsawon watanni. Ciyarwa sau biyu ko uku a mako ta isa, har cikin ya ɗan taso kaɗan. Zai yi ta roƙo a gaban gilashi kamar bai taɓa ci ba. Ka daure. Kifin ganyena na farko ni na kashe shi da hannuna: na ba shi jatan lande da ya fi ƙarfinsa don ina jin daɗin ganin ya ci, kwana biyu yana haki da kumburarren ciki, rana ta uku na tarar da shi a kwance. Guntaye ƙanana biyu sun fi babba ɗaya.

Yanzu dafin. Kifin zaki na da ƙayoyi masu dafi 18: 13 a gadon baya, 3 a fiffiken ƙasa kusa da wutsiya, 2 a fikafikan ciki. Manyan fikafikan gefen nan da suka fi ban tsoro ba su da komai. Kowace ƙaya tana da kwari a gefenta inda naman dafin yake kwance, da siririyar fata a lulluɓe. Idan ƙayar ta shiga jikinka sai fatar ta zame baya, dafin ya bi ramin. Ba ya harbi don farauta, kuma ba ya bin mutum. Kusan duk wanda aka soka, shi ya kai hannunsa. Alamar gargaɗinsa ita ce ya sunkuyar da kai ya miƙo ƙayoyin baya wajenka.

Ni sau ɗaya ya same ni, kuma laifina ne. Ina goge gilashin baya, waya ta yi ƙara, na waiga, hannuna ya zame ƙarƙashin dutsen da yake maƙale. Da farko kamar tsinin allura ne a ɗan yatsa. Kafin in tsane hannu abin ya fara, zafi mai bugawa kamar ana dukan yatsan da guduma, yana hawa har gwiwar hannu. Yatsan ya kumbura ya yi jawur, zufa ta karyo mini. Na san abin yi, don haka na tara ruwan zafi a roba na tsoma. A cikin minti biyar zafin ya sauka zuwa abin da mutum zai iya daurewa. Da ruwan ya huce sai ya dawo, na sake sabo. Na fi awa ɗaya a haka. Kumburin ya yi kwana uku, kan yatsan kuma ya yi sati biyu a dushe.

Ga yadda ake yi. Cire zobe nan take kafin kumburi. Wanke wurin, idan ana ganin guntun ƙaya a zare shi da hantsaki. Tsoma cikin ruwa mai zafin digiri 42 zuwa 45, kada ya wuce, na minti 30 zuwa 90. Ka auna da ma'auni, ko ka gwada da hannun da ke lafiya, domin hannun da aka soka ba ya tantance zafi, kuma mutane da yawa ƙunar ruwan ta fi harbin yi musu illa. Kada a ɗaure hannu, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a sa ƙanƙara. Bayan haka a je asibiti a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki, a kuma duba allurar tetanus. Idan akwai wahalar numfashi, jiri, amai, borin jini, kumburin fuska ko ciwon ƙirji, ba jira, asibiti kai tsaye. A kwanakin da ke biye, ja da ke yaɗuwa ko zazzaɓi alamar ƙwayar cuta ce, kuma ka gaya wa likita cewa ruwan teku ne, domin ƙwayoyin Vibrio da Mycobacterium marinum maganinsu dabam ne.

Yana kisa? Harbin ƙananan kifin zaki da kifin ganye ga baligi mai lafiya azaba ce, ba a san shi da kisa ba. Amma idan akwai yara ƙanana a gidan, ko mai ciwon zuciya, ko mai ciwon suga da rauni ba ya warke masa da wuri, ko wanda jikinsa ke tashi idan zuma ta harbe shi, lissafin ya canza. Murfi mai makulli, ko a fasa. Ka rubuta sunan kifin na kimiyya da matakan nan a takarda ka manna a jikin kabad ɗin tankin, don ranar da abin zai faru wataƙila ba kai ne a gida ba.

Kiyayewar ba ta da wuya. Kafin hannu ya shiga, ido ya ga inda kifin yake, kuma kada ido ya bar shi. A ƙaramin tanki tazarar da ke tsakanin hannunka da shi ba ta wuce taki ɗaya ba, don haka ka yi aiki da dogon hantsaki da magogin maganaɗisu, ko ka tare shi gefe da faifan roba. Safar hannu ta roba ƙaya na huda ta. Kada ka kama shi da raga, ƙayoyin na sarƙewa, garin warwarewa a soke ka ko a karya masa su. Kora shi ake yi cikin kofin roba mai murfi. Mataccen ma dafinsa na nan, da hantsaki ake ɗaukarsa.

Sabon kifi ya yi wata ɗaya a tankin keɓewa tukuna. Dangin kunama ba sa jure maganin jan ƙarfe, wanda ake kashe ƙwarin fata da shi, kamar sauran kifaye, saboda haka kada ka zuba shi don rigakafi kawai. Kuma duk ranar da ya fi ƙarfinka, ka mayar wa mai sayarwa ko ka ba wani mai babban tanki. Kifin zakin da aka fara gani a gaɓar Florida a 1985 ana danganta shi da waɗanda masu kiwo suka saki, yau ya mamaye tekun Karebiyan da gabashin Amurka yana cinye ƴaƴan kifayen wurin, har Florida ta hana shigo da jinsin Pterois a 2014.

Game da tankinka, da ni ne zan bar ocellaris da jatan landen a inda suke, tunda sun zauna lafiya. In sami na biyu mai lita 115 ko sama, mai faɗin ƙasa maimakon tsayi, in gina masa kogo da dutse mai rumfa inda zai rataya, in rage ƙarfin famfo da hasken fitila, in bar shi ya nuna mako shida har awon amoniya ya riƙa komawa sifili cikin kwana ɗaya bayan an gwada shi da abinci. Sannan in nemo brachypterus guda ɗaya wanda na ga ya ci a gabana. Idan daga baya ka so biyu, a tanki mafi girma, ka ƙirga zanen fiffiken gefe: namiji ya fi yawan layuka da girman kai, kuma maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Idan kuwa lita 60 ɗin ce kaɗai abin da wuri ya ba ka, to sai ka zaɓa tsakanin mazauna yanzu da Sebastapistes guda ɗaya. Ka aiko mini da hoton wanda ka gani, a ɗauke shi daga gefe lokacin da ya buɗe fiffike, in gaya maka ko wane ne.